Barkonon da Baba Ya Shuka a Baranda

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya kare ka daga sharrin mutane da na sanyin nan da kake yawan kawo mana ƙararsa, Ya raya mana zuriya, amin. Mu nan ƙalau muke, sai kewarku da ta yi mana yawa.

Mama tana nan da ƙwarinta, gwiwar ce kawai take taɓa ta idan ta hau bene da kaya. Gwaggo ta zo jinyar Baba da niyyar kwana kaɗan, ga shi har yau ba ta fara zancen tafiya ba, ta ma sa an juya gadon ɗakinka don wai iska ba ta isa gare ta. Shagon ɗinkina yana tafiya, na samu wata mai taya ni guga. Idon Baba kuwa ya warke sarai, har ya soma hango ƙurar da ke saman firji yana kiran mu mu zo mu shaida. Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda alhali ga waya. To ai duk ranar da ka kira, wayar a hannun Baba take, kuma ka san shi da buɗe murya kowa ya ji. Maganar da zan yi maka ba ta buɗaɗɗiyar murya ba ce. Maganar irin barkonon nan ce da ka aiko masa.

Ka tuna yadda ka bar shi. Tun da yanar ido ta raba shi da sitiyari, bayan shekarun da ya kwashe yana jan babbar mota, sai ya koma kamar ba shi ba. Tun safe zai zauna kan kujerar bakin taga, rediyo a kashe, abinci sai an yi da gaske zai kai loma. Abokansa na tasha idan sun zo, sai ya ce a ce musu yana barci. Mutumin da a da idan ya fara labarin hanya sai an roƙe shi ya bari a ci abinci, shi ne ya wayi gari ba ya iya haɗa magana biyu. Mama ta rame da damuwa, ko da yake ba ta gaya maka ba. Ana cikin haka saƙonka ya iso, da ɗan ƙullin irin nan da ka ce a can sai an sa safar hannu ake yanka 'ya'yansa. Baba ya sa na maimaita masa wannan magana, ya jujjuya ƙullin a hannu, ya ce mutanen can ragwaye ne, amma bari ya shuka ya gani. Ranar ce ya fara tashi daga kujerar nan ba don salla ko kewaye ba.

Kafin mu ankara ya ƙwace baranda. Ya sa aka kwashe igiyar shanyar Mama, aka jero tsofaffin robobin fenti da galan-galan da ya yanke bakinsu. Rabin irin ya binne su can ƙasa, zurfin yatsa guda, wai don su kafu da kyau. Kullum da safe sai ya tone ya laluba ko sun fara motsi, ya mayar ya rufe. Ba abin da ya fito. Mama, wadda ka san gidan noma ta tashi, ta faɗa kamar da bango take magana cewa su dai a gidansu barbaɗa irin barkono ake yi a sama, a yafa masa ƙasa kaɗan, a bar shi ya huta. Baba ya ci gaba da tonon robobinsa. Washegari na gan shi yana barbaɗa sauran rabin yana waiwaye. Da suka tsiro, sai ya tara mu ya ce waɗancan na farkon ne suka gama shiri suka fito.

Daga nan aka shiga babin ruwa. Ra'ayin Baba shi ne bai taɓa ganin motar da ta lalace don lagireto ya cika ba. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Ganyen ya fara yin rawaya yana langaɓewa, Baba ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara. Robobin kuwa ba huji ko ɗaya a gindinsu, ƙasar ta koma caɓi, tana wari irin na kwata. Ni na ɗora ƙusa a wuta na huda su, ruwan da ya kwararo kuwa bai zarce ko'ina ba sai kan shanyar Nas, maƙwabciyarmu ta ƙasa. Ta hauro ta yi mana magana cikin ladabi, muka ba ta haƙuri. Da suka fara farfaɗowa, sai Bakanike, abokin Baba, ya aiko da buhun kashin kaji ɗanye, da saƙon cewa shi ne man fetur ɗin shuka. Baba ya cika kowace roba har baki. Yaya, warin da ya tashi a gidan nan, ko baƙo ya shigo ba ya kai ga zama. Gefen ganyen ya ƙone kamar an kara masa ashana, ruwan takin kuma ya sake diga kan fararen kayan aikin Nas. Wannan karon da ta hauro ba ta zo da ladabin ba, rigar ta riƙo a hannu. Ni na kwana biyu ina fama da tabon.

A nan ne Mama ta daina magana da bango. Ta ce masa taki sai ya bushe ya ruɓe ake sa shi, shi ma kaɗan, kuma kafin ya ba da ruwa ya tsoma yatsa a ƙasa, idan ya ji danshi ya haƙura. Muka kwashe takin, muka canza ƙasa, aka sa faranti ƙarƙashin kowace roba. Kwana kaɗan bayan haka na ji Baba yana koya wa mai kawo mana gas dabarar tsoma yatsa, yana cewa abu ne da ya gano da kansa bayan dogon nazari. Mama ta ji, ta ci gaba da yankan albasarta.

Sun yi kyau na ɗan lokaci, sai sabon ganye ya fara nannaɗewa, yana danƙo idan an taɓa, ga kiyashi suna hawa da sauka kamar ranar kasuwa. Na ɗaga ganye na ga wasu ƙananan ƙwari kore-kore sun yi dafifi a ƙarƙashi suna tsotsa. Baba ba ya ganin su, don haka da farko ya ce babu su. Mama ta ce a dama sabulu kaɗan a ruwa a wanke ƙarƙashin ganyen da yamma, a yi ta maimaitawa har su ƙare. Baba ya ce sabulu na wanki ne, ƙwaro kuwa magani yake ji. Ana gobe za a yi masa aikin ido, ni ina shago, Mama ta fita awo, ya ɗauko gwangwanin maganin sauro na feshi ya juye musu shi tas, wai don kada su sha wahala a bayansa. Da muka dawo daga asibiti muka tarar ganyen duk ya yi baƙi ya zube, sai karare a tsaye.

Ka ga halin da muka shiga. Ga Baba kwance a ɗaki da ido a ɗaure, likita ya ce kada ya sunkuya, kada ya fita rana, kada kuma a ɓata masa rai don jininsa yana sama. Ga shi kuma duk wanda ya shiga ɗakin, tambayar farko ita ce ya barkonon. Mama ta ce masa suna nan lafiya. Da ta fito sai ta ja ni gefe. Ta ce mini ita ba za ta iya sake ganin mutumin nan ya koma kujerar bakin taga ba. Washegari suka yi shiri ita da Gwaggo, suka tafi wurin wani mai sayar da dashe a bakin titi. Gwaggo ta ce masa mafi zafin barkonon da yake da shi suke so, ya rantse mata cewa wannan idan tsuntsu ya ci sai ya faɗo. Muka tuge matattun, muka dasa sababbin a robobin nan dai, kowanne a mazauninsa, har ɗan tsinken da Baba ya tokare ɗaya da shi muka mayar.

Ranar da aka kwance masa ido, bai ko cire takalmi ba ya wuce baranda. Mu uku muna bayansa, ba mai numfashin kirki. Ya daɗe a tsaye yana kallon su, ga ganye kore shar, har sun fi na da tsawo. Can ya ce, "Ashe haka suke da kyau. Duk wannan lokaci idona ne yake zaluntar su." Ya kuma ce wa Mama yanzu ta ga aikin maganin sauro. Mama ta ce ta gani.

To daga nan fa gaskiya Baba ya zama manomi. Da ƙwarin suka dawo, ya gan su da idonsa, ya yi salati, da kansa ya dama ruwan sabulu ba tare da ya ambaci wanda ya fara faɗa ba. Da suka yi fure, furannin suka riƙa zubewa ba su ƙulla komai ba, sai ya tsinto su a tafin hannu ya kawo mana falo kamar mai kawo labarin rasuwa. Muka lura zafin ranar tsaka ne yake dukan barandar, aka ɗaura tsohon zanen gado yana yi musu inuwa, aka daidaita ban ruwa ya zama lokaci guda. Mama ta ce kuma ƙudan zuma ba sa hawowa benenmu, sai a riƙa ɗan girgiza reshen da safe don furen ya kama. Na farko da Baba ya girgiza, sai da na riƙe masa hannu, domin girgizar mai tayar da fasinja ya yi masa. Daga baya ya iya, da ɗan yatsa kawai yake ɗan ƙwanƙwasawa yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Suka ƙulla 'ya'ya, 'yan dunƙule-dunƙule masu tamoji kamar attaruhu. Baba ya koma cin abinci har da neman ƙari. Ya koma zuwa tasha da ƙafarsa, kuma ba wanda ya rage a can bai ji labarin barkonon da ɗansa ya aiko ba. Ya kafa doka cewa ba mai tsinkar ko ɗaya sai ranar da zai kira Bakanike da tsohon Kwandastansa su zo su ci su shaida.

Ni dai ka san ni da rashin haƙuri. Da na ga na farko ya yi ja, na faki ido na tsinke, na shiga kicin na ajiye kofin ruwa kusa, na ɗan gatsa. Shiru. Na ƙara gatsa, na tauna har da 'ya'yan cikin. Yaya, kamar kokwamba na ci, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Na miƙa wa Mama ragowar, ta tauna, ta nemi kan buhun shinkafa ta zauna. Gwaggo ta yafa mayafi ta koma wurin mai dashe da faɗa, shi kuwa ya ce mata shi gyambon ciki gare shi, tun da yake bai taɓa ɗanɗana hajarsa ba, abin da aka gaya masa ya gaya mata. Ta dawo tana huci, ta ce ba don titi ba ne da ta tura masa tukunya ɗaya a baki. Muka yi ta jan lokaci, yau mu ce wa Baba ba su gama nuna ba, gobe mu ce gas ya kusa ƙarewa, har dai ya gaji ya sa rana da kansa.

Ranar kuwa da kansa ya yi tsinka, sanye da safar hannuna ta wanke-wanke da baƙin tabarau ɗin da aka ba shi a asibiti. Ya kawo 'yan kaɗan a faranti, ya gargaɗi Mama kada ta zuba duka, kada a kashe masa baƙi. Abin da ya faru a kicin sai daga baya muka haɗa shi. Mama ta riga ta sayo attaruhun kasuwa ta ɓoye, ta jajjaga ta zuba a miya, ta tafi sauya kaya. Ni kuma na shigo na ga tukunya ba kowa, tausayin Baba ya kama ni, na ɗebo busasshen barkono daƙaƙƙe na zuba cokali mai kyau, na ƙara rabi don kada a ji kunya. Ina fita Gwaggo ta shiga, da nata ƙullin a bakin zane, ita kuwa ka san ba ta san awo ba. Ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta.

Aka kai abinci falo, aka aika wa Nas nata kwanon a matsayin ban haƙuri. Muna leƙe ta ƙofar kicin. Kwandasta ya kai loma ta farko, ya tsaya cak, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Bakanike, wanda ya shigo yana cewa shi barkono bai taɓa sa shi shan ruwa ba, shaƙuwa ta kama shi, ya riƙa nuna jug ɗin ruwa da yatsa don maganar ta ƙi fita. Gumi ya jiƙa musu riguna. Nas ta aiko a tambaya ko har yanzu fushin maganar rigar ne muke yi da ita. Baba kuwa hawaye na zuba ta sabon ido da tsohon, hanci na yoyo, amma dariya yake yi yana ƙara musu miya, yana cewa ai ya gaya musu. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba.

Da a nan aka tsaya da an gama lafiya. Sai da Bakanike ya samu numfashi ya ce a zamanin tuƙi Baba ɗanyen barkono yake taunawa don kore gyangyaɗi, ko yanzu tsufa ya karɓe wannan. Baba ya miƙe, ya fita baranda, ya tsinko mafi ja, ya dawo tsakiyar falo ya jefa a baki gaba ɗaya. Mama ta damƙe mini hannu. Ya tauna, ya sake taunawa, taunar tana raguwa. Ya dubi ɗan ƙaran da ya rage a yatsunsa, ya ɗago ya dubi ƙofar kicin, idonsa ya sauka kan Mama. Sai kawai ya fashe da tari, ya dafe ƙirji, ya riƙa bubbuga ƙafa yana kiran a kawo ruwa. Kwandasta ya yi ta yi masa fifita da hula. Da abin ya lafa, Kwandasta ya ce bari shi ma ya ɗan lasa, Baba ya buge masa hannu ya ce Kwandasta mai hawan jini ne ga ƙananan yara, kada ya jawo a ce a gidansa abin ya faru. Suka roƙi iri, ya ce bai ƙosa ba tukuna.

Da ya raka su ya dawo, sai ya wuce baranda ya aika a kira Mama. Ni ina bayan labule. Ya ce mata, "Yaushe nawa suka mutu?" Ta ce tun yana asibiti. Sai ya tambaya ko shi ya kashe su. Ta ce, "Kai da maganin sauro." Ya tambayi dalilin da ya sa ba ta faɗa masa ba, ta ce ta gwammace ya yi fushi da ita yana tsaye da ya koma ya zauna. Ya daɗe yana shafa wani ganye. Can ya ce to in haka ne, mene ne ya kusa kashe Bakanike. Mama ta ce ita ta zuba attaruhu. Na fito daga bayan labule na ce ni ma na zuba. Daga ɗakinka muryar Gwaggo ta taso cewa ita nata bai fi tafin hannu biyu ba. Baba ya fara dariya, ya dafe idon da aka yi wa aiki don kada ɗinkin ya ɓalle, ya zauna kan robar da ba komai a ciki, ya yi ta yi har Mama ta kama. Ya ce waɗannan ɗin ba mai tuge su, tun da shi ya raine su har suka haihu.

Yanzu ga inda matsalar take. Labari ya bazu a tasha cewa Baba yana tauna barkonon da ya sa Bakanike shaƙuwa. Kusan kullum sai wani ya hauro ganin ido, Baba ya tsinko ɗaya ya tauna, ya yi tarinsa, ya hana kowa taɓawa. Tarin ma ya ƙware a kansa, har da jan ido. Masu jiran iri kuma sun yi yawa, Kwandasta har ya huda robobinsa. Saboda haka muna roƙon ka aiko da wani irin da wuri, kafin wani ya faki ido ya kai hannu. Wannan karon mun san komai: shuka a sama, roba mai huji, yatsa kafin ruwa, ruɓaɓɓen taki, ruwan sabulu, inuwa da rana tsaka. Maganin sauro kuwa Mama ta kulle shi a akwatinta. Sai dai Baba ya kira ni gefe ya ce in rubuta maka amma kada in faɗi dalili, in ce ƙari kawai yake so. Mama ma ta kira ni gefe ta ce kada ka ji cewa ta yi wa mahaifinka ƙarya. Don haka idan ka kira, ba ka san komai ba, ka yaba masa kawai. Ni kuma ga nawa roƙon, wanda ba wanda ya aiko ni da shi: don Allah ka nemo irin da bai kai wancan zafi ba, domin ranar da ya nuna, a gaban mutanen tasha Baba zai tauna shi, kuma ranar ba zai buƙaci ƙirƙirar tari ba.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata ɗinkinta yana nan na gama, sai an samu mai tahowa. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da 'Yan Biyu, ka ce su dage da karatu. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka. Gwaggo ta ce a gaya maka katifarka ta yi laushi da yawa. Nas ma tana gaisuwa, mun shirya, har ta karɓi barkonon Baba guda biyu za ta kai wa wata abokiyar aikinta da ta ce tana jin haushi, ban san yadda za mu yi da wannan ba. Allah Ya tsare, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta